Muryar Baba Kafin Alhamis

Shafi na 9

Masu turo min "ina ci gaba?" tun shekaranjiya, na ga saƙonninku, ba share ku na yi ba. Gajiya ce ta yi min rubdugu. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in daina wahalar da Auta, ki yi haƙuri, yau ma ba ta huta ba. Sababbin shigowa, ku riƙe wannan kawai: Auta ce ke ba da labarin. Ranar Alhamis za a yi wa babanta aiki a maƙogwaro, kuma likita ya faɗa musu ƙarara cewa daga ranar ba zai sake magana ba. Shi ne suke ɗaukar muryarsa a kwamfuta, kowane ɗa da kowane jika da nasa saƙon.

*

Ranar Laraba da safe na tsaya a ƙofar shagon Kawu Injiniya, kwamfuta a rungume, makirufo a cikin jakar makaranta tare da littattafan ɗalibaina da ban duba ba tun makon jiya. Ban karya ba. Ban ma tuna da wani karyawa ba sai da yunwa ta taso min a kan matakala.

Kawu ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe wa Baba na'ura a gidan rediyo, lokacin da Baba ke karanta labarai, shi ya sa muka taso muna ce masa Kawu. Da ya ajiye aiki sai ya buɗe wannan ɗan ɗakin ɗaukar sauti, bango duk soso, ƙofa biyu, ba taga ko ɗaya. Makirufon ma nasa ne, aro ya ba ni.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Auta, lafiya kika shigo kamar an koro ki?"

"Sautin ne kuma, Kawu."

"Kuma?"

"Kuma."

Ya ture kofin shayinsa gefe. "Ajiye a nan. Kin sake kai shi ɗari ko?"

Tambayar ta soke ni, don yana da gaskiya. Ranar Asabar da muka fara ɗauka, ni da hannuna na ja ƙarfin makirufo har ɗari, wai don kada ko kalma ɗaya ta Baba ta ɓace. Ina kallon ma'aunin sauti yana ta dukan ja, ni a wautata na ɗauka alamar yana kamawa da kyau ke nan. Baba ya yi wa Yaya nasa, ya yi wa jikoki biyar nasu ɗaya bayan ɗaya. Da muka kunna, murya ta fashe, kamar ana yaga kwali a cikin kunne. Kawu ya ce abin da ya fashe tun wurin ɗauka ba mai iya gyara shi. Baba kuwa, mutumin da ya shekara talatin bai taɓa yarda an watsa ko tarinsa ba, ya ce a sake. Ranar Lahadi aka sake, daga farko har ƙarshe.

"A'a, Kawu. Saba'in na bar shi, yadda ka ce. Wannan karon babu komai ne. Shiru."

"Na wa ne a ciki?"

"Nawa."

Hannunsa ya tsaya a kan linzamin kwamfuta.

"Nawa ne, Kawu. Ni na ce a bar nawa na ƙarshe, tun da ni ce auta. Jiya aka ɗauka. Baba ya rubuta min a takarda wai ba zai iya faɗin nawa ina zaune ina kallonsa ba, in tafi makaranta, Yaya zai danna masa. Na dawo na kunna. Minti goma sha biyu, ba abin da nake ji sai iska."

"A takarda ya rubuta miki?"

"Ai tun yammacin Lahadi rubutu yake yi. Ya ce yana tattalin murya ne saboda nawa."

Kawu ya buɗe kwamfutar.

"Yaya ne ya taɓa," na ce. "Na san halinsa. Ba ya iya ganin maɓalli ya wuce shi. Rediyon motarsa ma shi ya gyara ta har ta mutu. Jiya na wanke shi tas, ya tsaya yana kallona, ko uffan bai ce ba. Da yana da gaskiya da ya yi magana."

"Zauna, Malama. Kin yanke hukunci ba a duba kebul ba."

Na zauna. Kujerar ma ta gaji, sai da ta yi ƙara.

"Abu na farko," ya ce, "ke ce ba ki ji, ko shi ne bai ɗauka ba? Ƙarar lasifika daban, ƙarfin shigar makirufo daban. Rabin masu zuwa min nan da jan ido, lasifikarsu ce a kashe."

Ya danna fayil ɗin ranar Lahadi. Muryar Baba ta cika ɗakin, mai kauri, a natse, da ɗan dishewar nan da ciwon ya kawo. Yana gaya wa ƙaramar jikarsa ta daina cin alli. Kawu bai bari ya kai ƙarshen jimlar ba ya kashe da sauri, ya yi gyaran murya.

"Lasifika lafiya," ya ce.

"Na gaya maka ai."

"Na biyu. Kwamfutar nan tana da nata ɗan makirufo a saman fuskarta, ga shi nan, ɗan rami kamar na allura. Idan kebul ya ɗan motsa, sai ta koma kansa ba tare da ta yi miki sallama ba. Ki yi ta magana a babba, ita tana saurare ta ƙarami."

Ya shiga wurin saitin sauti. Na miƙa wuya ina addu'a a ce shi ne. Wallahi na fi son a ce shi ne.

"Babban ne a zaɓe."

"To ƙarfin fa?"

Ya nuna min da yatsa. Saba'in.

"Ai zai iya saukewa ya mayar kafin in dawo."

"Zai iya. Kun yi kiran bidiyo da kwamfutar nan?"

"Ranar Litinin, matar Yaya ta kira 'yan'uwanta."

"To wasu manhajojin kira akwai shisshigi. Su ɗaga maka ƙarfi, su sauke maka, yadda suka ga dama, in ka bar musu ƙofa." Ya buɗe wani shafi, ya duba, ya girgiza kai. "Na rufe musu tun ranar da kika kawo min fasasshen nan. A rufe take. Abin rage hayaniya ma a kashe yake, balle a ce shi ya haɗiye maganar."

Ya zaro makirufon daga jakata, ya karkaɗe ƙurar alli da ta manne a sosonsa yana harara ta, ya jona. Ya auna taƙi ɗaya tsakaninsa da bakinsa.

"Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu."

Koren layi ya tashi, ya taɓa gefen rawaya, ya dawo. Ya murɗa kebul ɗin, ya ja shi, ya canja masa rami. Layin bai ko girgiza ba.

"Ko ta baya ya yi magana?" na ce. "Ka ce irin wannan ta gaba kawai yake ji."

Kawu ya kalle ni kamar na zagi wani nasa.

"Maigida ne zai yi magana ta bayan makirufo? Ko cikin barci aka tashe shi ba zai yi ba."

Na kifa kai a kan tebur. Na gaji. Kwana biyar ke nan ina fama da kore da rawaya da ja, ni da ko hoton kirki ban iya ɗauka a waya ba. Ummanmu ta rasu ba mu da ko sakan ɗaya na muryarta, har yau idan na yi ƙoƙarin tuna yadda take kiran sunana sai in ji tawa muryar. Abin da nake gudu ke nan, kuma ga shi kowa a gidan ya samu nasa sai ni.

"Ɗago," in ji Kawu. "Saura fayil ɗin kansa."

Ya buɗe shi ya faɗaɗa. Dogon layi ne a kwance, sai wani tudu a farkonsa, wani a ƙarshe.

"Wannan tudun kin saurare shi?"

"Tsallakewa na yi. Tsakiya na nufa."

Ya danna. Sai ga muryar Yaya, raɗau, kamar yana tsaye a bayana.

"Baba, na danna. Ka fara."

Kawu ya tsayar. "Ina yayanki yake zama idan ana ɗauka?"

"Wurin kwamfuta."

"Taku nawa daga makirufo?"

"Kamar uku."

"Maigida fa?"

"Taƙi ɗaya."

Ya bar ni da lissafin. Ni kuwa na ƙi yin sa.

"Ai bayan ya faɗi haka ne ya sauke," na ce.

"Saurara." Ya sa min hedifon a kunne ya kunna daga farko. "Kina jin fankar ɗakin?"

"Ina ji."

Ya tsallaka minti na uku. "Yanzu fa?"

"Ina ji."

Minti na takwas. Na goma sha ɗaya. Fanka tana nan tana juyawa, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

"Da ya sauke ƙarfin, da fankar ma ta sauka tare da shi. Ba wanda ya taɓa komai, Auta. Na'urar nan lafiyarta ƙalau."

"To mene ne ba lafiya?"

Ya zaɓi tsakiyar layin ya ƙara masa ƙarfi, ya sake ƙarawa, ya sake. Fanka ta koma kamar injin niƙa a kunnena. Can ƙarƙashinta, can ƙasa sosai, sai na ji wani abu yana motsi. Raɗa ce. Iska ce mai siffar magana.

"...ta... ranar da... ke ce kika..."

Na danne hedifon da hannu biyu.

"...ban taɓa... miki ba..."

"Kawu ƙara!"

"Na kai ƙarshe."

"Don Allah ka ƙara!"

"Duk abin da na ƙara masa, na ƙara wa fanka. Ba zan iya raba su ba. Da zan iya, wallahi da ba ki roƙe ni ba."

Ya kai linzami kan tudun ƙarshe ya mayar da ƙarfin daidai. Tari ne, mai tsawo, wanda ba ya son tsayawa. Sai ƙarar kujera, sai muryar Yaya, wadda ban taɓa jin ta a haka ba.

"Baba ya isa. Don girman Allah ya isa haka."

Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Minti goma sha biyu yana magana," ya ce. "Bai tsaya ba. Kin san mutumin nan da taurin kai."

Na tattara kayana. Sai da na kai ƙofa ta biyu na juyo.

"Kawu, raɗa tana ɗaukuwa?"

Ya daina goge tabarau.

"Tana ɗaukuwa. A kashe fanka, a cire firij, a rufe taga. Makirufo yatsa biyu daga baki, a ɗan karkace shi kada iska ta buge shi. Ki kai ƙarfin tamanin da biyar, kada ki wuce. Hedifon a kunnenki tun kafin ki danna." Ya mayar da tabarau. "Tambayata kika yi na ba ki amsa. Ban ce ki yi ba."

*

Na samu Yaya a falo yana shirya jakar asibiti. Tawul, silifas, caja, da rigunan Baba masu maɓalli a gaba. Ya naɗe riga ɗaya ya warware ya sake naɗewa. Idanunsa sun faɗa, gemunsa ya yi buzu-buzu, ni kuma jiya duk ban ga wannan ba, masifa ta rufe min ido.

Na ajiye jakata a kan tebur.

"Tun yaushe?"

Bai ɗago ba. "Tun yaushe me?"

"Yaya, daga wurin Kawu nake. Na ji tarin. Na ji ka."

Ya ajiye rigar. Ya leƙa ƙofar ɗakin Baba, a rufe take, sannan ya rage murya.

"Tun Lahadi."

"Lahadi da yaushe? Ina nan aka gama, lafiya lau ya ce min sannu da aiki."

"Kina fita sayo magani ya fara tari. Ya buɗe baki zai ce in ba shi ruwa, babu. Muryar ta tafi."

"Shi ne kuka ce min tattali yake yi."

"Shi ya ce a ce haka."

"Likita ya sani?"

"Litinin kina makaranta na kai shi."

"Me ya ce?"

"Auta, bar maganar nan."

"Me ya ce, Yaya?"

Ya shafa fuska da tafin hannu. "Ya tambaye mu minti nawa ya yi yana magana ranar Lahadi."

"Me ya kawo minti?"

"Tun farko minti ashirin ya yarje masa a rana. Ashirin kacal."

Ni na riƙe kwamfutar ranar Lahadi, na san tsawon fayil ɗin ba sai na duba ba. Awa ɗaya da minti arba'in. Ga na Asabar kuma, wanda na lalata, shi ma ya haura awa.

"Ba wanda ya gaya min ashirin."

"Baba ya hana. Ya ce in kin sani za ki riƙa kallon agogo, shi kuma ba ya karatu ana kallon agogo."

"Da ban kai shi ɗari ba..."

"Kada ki fara."

"Da ban kai shi ɗari ba, da ba a sake ba. Da Lahadi nawa aka ɗauka. Ni na cinye masa murya, Yaya. Ni na cinye rabona da hannuna."

"Na ce kada ki fara!"

Na zauna a ƙasa, nan kan tabarma. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da haushin kaina, duk a lokaci guda. Ko kukan ma ya ƙi zuwa.

"Me ya sa ka bar ni na zazzage ka jiya? Har rediyon motarka na tono."

"Ai da gaskiyarki a kan rediyon."

"Yaya."

"Gara ki ce ni ne. Na saba da bakinki tun kina rarrafe. In kika ce ke ce, wa zai iya da ke?"

Na ɗago na dube shi. "Kai kana ɗakin. Me ya ce?"

"Ban ji ba."

"Kada ka ɓoye min wannan ma."

"Wallahi ban ji ba, Auta. Leɓɓansa kawai nake gani suna motsi. Ina kallon koren layin nan ko motsi ba ya yi, na rasa yadda zan gaya masa. Shi ya ɗauka yana shiga. Har yanzu ya ɗauka ya shiga."

"Ba ka ce ya rubuta min ba?"

"Na ce. Tun Litinin na ce."

"Sai ya ce me?"

Yaya ya laluba aljihu ya ciro wata 'yar takarda da ta sha naɗi, ya miƙo min. Rubutun Baba ne, mai kwanciya gefe.

Kowa ya samu murya. Auta ba za ta samu takarda ba.

A nan kukan ya zo. Na toshe baki da mayafi don kada ya ji.

"Kawu ya ce raɗa tana ɗaukuwa," na ce da na samu numfashi.

Fuskar Yaya ta canja nan take.

"A'a."

"In aka kashe fanka, aka matso da..."

"Na ce a'a. Kin san abin da likita ya ce a kan raɗa? Ya ce ta fi magana wahalar da maƙogwaro. Ya ce in wurin ya ƙara kumbura ko ya yi jini, ba zai taɓa shi gobe ba, sai a ɗaga. Abin nan kuma ba jira yake ba, kullum girma yake. Jiya ma da na bar shi, ban yafe wa kaina ba."

"Minti biyar kawai."

"Haka aka ce ranar Lahadi, a sake kawai. Uba kike so ko fayil?"

Maganar ta yi min zafi. Na buɗe baki zan ce na haƙura, sai muka ji ƙarar ƙofa.

Baba ne a tsaye, hannu ɗaya a jikin bango. Ya rame har rigar ta yi masa yawa, amma hularsa a daidai take, kamar mai shirin fita aiki. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Da na ga yadda yake kallon jakata, na san ya ji abin da ya isa.

"Baba, ka koma ka kwanta," in ji Yaya.

Bai ko kalle shi ba. Ya tako a hankali har tebur, ya zuge jakar, ya fito da makirufon, ya kafa shi. Ya miƙa hannu bango ya kashe fanka. Ya nuna wa Yaya taga, ya nuna masa firij.

"Ba zan cire ba, Baba."

Baba ya ci gaba da nunawa. Bai ɗaure fuska ba, bai yi komai ba, hannun kawai ya bari a miƙe. Yaya mai 'ya'ya biyar, mai furfura a gemu, ya tashi yana ƙunƙuni ya rufe taga, ya zare wayar firij. Gidan ya yi tsit, har ina jin agogon bango. Baba ya nuna shi ma. Aka sauke shi aka kai kicin.

"Baba, a bari," na ce. "Na haƙura. Wallahi na haƙura."

Rantsuwar ƙarya na yi, Allah ya yafe min. Ina so. Ina so har cikin ƙashina, kuma ina tsoro daidai yadda nake so.

Ya ja kujera ya zauna. Ya auna yatsa biyu tsakanin bakinsa da makirufo, ya ɗan karkace shi, ba wanda ya gaya masa. Ya buɗe kwamfutar ya juyo min da ita. Sannan ya ɗauki hedifon ya sa min a kai da hannunsa, ya gyara min mayafi ta ƙarƙashinsa.

Hannuna ya je wurin saiti shi kaɗai. Saba'in. Tamanin. Tamanin da biyar. Nan take na fara jin komai, numfashinsa, shafar rigarsa a jikin kujera, haɗiyar yawunsa mai wahala. Koren layin ya fara ɗan motsi a ƙasa.

Yaya ya zagayo ya kama kebul ɗin daidai inda ya shiga kwamfuta.

"Auta, dube ni. In kika danna zan zare. In kuma ban zare ba wani abu ya faru, ni da ke ne za mu tsaya gaban likita gobe."

"Yaya, ni ban..."

"Ki ce masa ba ki so. Ke kaɗai zai ji."

Na juya zan faɗa. Na rantse zan faɗa. Sai Baba ya matso da bakinsa, leɓɓansa suka motsa. Yaya bai ji komai ba. Ni kuwa a cikin hedifon, tsakiyar kaina, na ji shi sarai, siririya, a kakkarye, amma tasa ce.

"Auta."

Na daskare.

"Sau ɗaya... zan faɗa. Ko kin danna... ko ba ki danna ba."

"Me ya ce?" in ji Yaya. "Auta, me ya ce miki?"

Linzami yana kan jan maɓallin. Yatsana yana kan linzami. Hannun Yaya yana kan kebul, har jijiyoyinsa sun tashi.

Baba ya gyara zama, ya miƙe kafaɗa, ya ɗaga yatsu uku sama yadda ake ƙirga wa mai karanta labarai kafin ya fara.

Ya naɗe ɗaya.

"Auta, ki yi magana mana!"

Ya naɗe na biyu.